Kwana Biyu na Alfarma: Tambayoyi da Amsoshi kan Hutun Zane, Girki, Inabi da Kiɗa

Duk wanda ya ji an ce mutum ya kashe kuɗi masu nauyi don ya kwana biyu kacal a wani gari, ya kalli zane, ya ci abinci, ya saurari kiɗa, ya juyo gida, dole tambayoyi su cika masa baki. An sha yi mini su, shi ya sa na tattara waɗanda suka fi maimaituwa na amsa su wuri guda.

Me ya raba wannan hutu da yawon buɗe ido da aka saba?

Mai yawon buɗe ido yakan fita da dogon jerin wurare, burinsa ya taka kowanne ya ɗauki hoto. Wannan kuwa ana ɗora shi ne a kan abu uku ko huɗu da aka zaɓa tun daga gida: gidan zane-zane ɗaya, tebur ɗaya a gidan abincin da girkinsa ya yi suna, zaman kiɗa ɗaya, sai ziyarar gonar inabi ga mai so. A tashi Juma'a da rana, a dawo Lahadi da dare. Abin da kuɗinka ke saya maka shi ne sarari da natsuwa: shiga ba tare da bin layi ba, kujerar da za ka ji kiɗa sosai, ɗakin kwana kusa da inda za ka, da direban da ya san hanya.

Kwana biyu za su isa kuwa?

Za su isa, muddin ka yarda ka bar wasu abubuwa. Yi lissafi da kanka. Daga yammacin Juma'a zuwa yammacin Lahadi awa 48 ne. Barci zai ci kusan 16. Babban cin abinci yakan ɗauki awa uku zuwa huɗu, wasan opera, wato wasan kwaikwayo da ake rerawa da kiɗa, awa uku ko fiye, gidan zane awa biyu zuwa uku kafin ido ya gaji. Abin da ya rage na tafiya ne da wanka da hutawa da ɗan zagaya gari a ƙafa.

Saboda haka garin da zai ci maka fiye da awa uku ko huɗu a hanya bai dace da ƙarshen mako ba, sai dai ka ƙara kwana. Kuma kada ka haɗa babban abinci da zaman kiɗa a dare ɗaya, taura biyu ba sa taunuwa. Na taɓa haɗa su, na tashi daga tebur ana saura kashi uku a kawo, na isa zaure zuciyata na bugawa, rabin farko na kiɗan ya wuce ban ji shi ba. Har yau ina jin zafin asarar daren nan, domin masu girkin da makaɗan duk sun yi aikinsu, ni ne ban ba su lokacinsu ba.

Me zan fara kamawa, jirgi ko otal?

Ko ɗaya. Fara da abin da ya fi wuyar samu, sannan ka gina sauran a kansa. Jirgi da otal suna da madadi, amma zanen jibin ƙarshe na Annabi Isa da almajiransa, wanda Leonardo da Vinci ya yi a bangon ɗakin cin abinci na Santa Maria delle Grazie a Milan tsakanin 1495 da 1498, guda ɗaya ne a duniya. Ƙungiya-ƙungiya ake shiga, minti 15 ake ba kowace, kuma tikitin yakan ƙare tun da sauran makonni. Gidan zane na Borghese a birnin Rum ma sai da ajiyayyen lokaci, awa biyu ake ba ka. Tikitin bikin kiɗa na Salzburg a Ostiriya, wanda aka fara a 1920, ana neman sa tun cikin hunturu alhali sai ƙarshen Yuli ake buɗewa.

Manyan gidajen abinci sukan buɗe rajista a wata rana da suka tsayar, wata ɗaya zuwa uku kafin lokaci. Da yawansu suna karɓar lambar kati ko kafin alƙalami, kuma suna cire kuɗi idan ba ka zo ba. Kada ka ga baƙinsu: gidan da tebur goma sha biyu gare shi, ya kuma sayi kifi da safe da sunanka, rashin zuwanka asara ce ta gaske. Idan tebur da tikiti sun shiga hannu, sai ka nemi otal, jirgi ya zo a ƙarshe.

Wane gari ya fi dacewa?

Ga wanda zai fara, Biyana ta ƙasar Ostiriya nake zaɓa, ba na ko shakka. Komai a kusa yake. Gidan opera na ƙasa, wanda aka buɗe a 1869, da zauren Musikverein na 1870, inda ake watsa kiɗan sabuwar shekara ga duniya, tafiyar 'yan mintuna ce tsakaninsu. Gidan zane na Kunsthistorisches, da aka buɗe a 1891, shi ke riƙe da tarin zanen Pieter Bruegel mafi girma a duniya, kuma fadar Belvedere na da ayyukan Gustav Klimt masu ruwan zinare. Abin da baƙo ba ya zato shi ne gonakin inabi a cikin iyakar birnin kansa. Taragon lantarki zai kai ka gindin tudun, ka hau a ƙafa kana hango kogin Danube.

Idan abinci ne kan gaba a zuciyarka, nufi yankin Basque na arewacin Sifaniya. Gidan Guggenheim na Bilbao, ginin Frank Gehry mai lulluɓin ƙarfen titaniyam, an buɗe shi a 1997, ya kuma sauya sunan garin daga na masana'antu zuwa na fasaha. Kimanin kilomita 100 daga nan akwai San Sebastián, ƙaramin gari a bakin teku wanda manyan gidajen girki irin su Arzak da Akelarre suka ɗaukaka. A tsohuwar unguwar garin kuma ana cin 'yan ƙananan lomomi da suke kira pintxos, a tsaye, daga wannan shago zuwa wancan. Dare ɗaya a babban tebur, dare ɗaya a tsaye cikin jama'a, haka na fi so.

Florence a Italiya ta masu zane ce. Gidan zane na Uffizi, ginin da Giorgio Vasari ya fara a 1560 don ofisoshin gidan sarautar Medici, da mutum-mutumin Dauda da Michelangelo ya gama a 1504, mai tsayin sama da mita biyar, sun isa su cika kwana biyu. Gonakin inabi na Chianti kuma suna kudu da garin, ba nisa.

Wanda ke son ƙaramin gari mai shiru ya duba Beaune a yankin Burgundy na Faransa. Tsohon asibitin talakawa da Nicolas Rolin ya kafa a 1443 yana nan da rufinsa mai launi-launi, a cikinsa kuma akwai babban zanen ranar hisabi na Rogier van der Weyden. A Afirka ta Kudu, Cape Town na da gidan Zeitz MOCAA, tsohon rumbun hatsi da aka sassaƙe cikinsa aka mai da shi gidan fasahar Afirka ta zamani a 2017, ga garuruwan inabi na Stellenbosch da Franschhoek kamar tafiyar awa ɗaya a mota.

Taurarin Michelin da ake ta faɗa, me suke nufi?

Kamfanin taya ne ya ƙirƙiro su. A 1900 'yan'uwa biyu, André da Édouard Michelin, suka fara raba wa direbobin Faransa ɗan littafin hanya don mutane su yawaita tafiya, tayoyi su ci, a sayi sababbi. A 1926 aka fara ba gidajen abinci tauraro, daga 1931 aka kai su uku. Tauraro ɗaya: girki mai kyau ƙwarai. Biyu: ya isa ka ratse daga hanyarka. Uku: ya isa ka yi tafiya musamman dominsa. Masu binciken ba sa bayyana kansu, suna biyan kuɗin abincinsu, kuma abin da ke cikin faranti suke aunawa.

Ra'ayina shi ne, gidan tauraro ɗaya wanda mai shi ke tsaye a kicin da kansa yakan fi shiga rai a kan wani mai uku da ya zama kamar fada. Tauraro shaida ce ta ƙwarewa, amma bai san abin da harshenka ke so ba. Karanta jerin abincin gidan kafin ka kama tebur.

Yaya zaman cin abincin yake? An ce ba a ƙoshi.

Ana ƙoshi, har a wuce. Yawancin irin waɗannan gidaje jeri ɗaya suke kawowa wanda shugaban kicin ya tsara, kashi takwas zuwa goma sha biyar, wani wurin ma fiye. Kowane kashi loma biyu ce ko uku, amma idan suka taru ciki yakan cika. An jera su ne da hikima: a fara da mai sanyi da tsami don a ta da harshe, a bi da kifi, sai nama, sai a sauko zuwa zaƙi. Ka ci abu kaɗan da rana, kuma ka yi hankali da burodi, don shi ke cika ciki tun ba a je ko'ina ba.

Cokula da wuƙaƙe kada su tsorata ka, ana sauya su da kowane kashi. Idan ba ka gane abu ba, tambayi mai kawo abincin. Waɗannan mutane sun yi shekaru suna koyon aikinsu, kuma fuskarsu takan washe idan suka samu mai tambaya da gaske. A Sifaniya ba a fara abincin dare sai wajen ƙarfe tara, ka tsara barcinka a kan haka.

Ni ba na shan giya. Wannan hutun nawa ne kuwa?

Naka ne, kuma ba ka da wani bayani da za ka yi wa kowa. Mutane da yawa ba sa sha, wani saboda addini, wani saboda lafiya, wata saboda juna biyu. Manyan gidajen abinci sun daɗe da sanin haka, kuma da yawansu suna da jerin abin sha marar barasa da aka haɗa da kowane kashi: ruwan 'ya'yan itace da aka matse a ranar, shayi iri-iri, jiƙon ganye da saiwa da kayan ƙamshi. Wani lokaci aikin da aka zuba a wannan jerin yakan fi na giyar, tunda a kicin ɗin aka yi shi daga farko.

Sai dai akwai wuraren da ya kamata ka buɗe ido. Abin da aka rubuta wa "an cire barasa" a Turai zai iya ɗauke da har kashi 0.5 cikin ɗari. Abubuwan sha da aka tsima, irin su kombucha, su ma sukan ɗauki ɗan kaɗan. Girkin Faransa da Italiya yana yawan sa giya a miya da romo, kayan zaƙi sukan sha barasa, kuma dahuwa ba ta korar ta gaba ɗaya. Haka naman alade da kitsensa sukan ɓuya inda ba ka zato. Maganin abin shi ne ka rubuta musu dalla-dalla ranar da ka kama tebur, ka sake tunatar da su ana saura kwana biyu. Kicin ɗin da aka ba lokaci zai sake tsara maka jerin da murna, wanda aka faɗa wa bayan an zauna kuwa sai dai ya cire abu ya bar maka gurbi.

Gonakin inabi ma suna da abin kallo ga wanda ba ya kai kofi baki. Château La Coste, kusa da Aix a kudancin Faransa, gona ce da aka baza ayyukan fasaha a cikinta, da ginin Tadao Ando da ƙaton gizo-gizon ƙarfe na Louise Bourgeois tsaye a kan ruwa. Tudun Lavaux a Siwizalan, wanda UNESCO ta sa a jerinta a 2007, gonaki ne hawa-hawa da ke gangarawa zuwa tafkin Geneva, dab da Montreux inda ake bikin kiɗan jaz tun 1967. Wanda kuma zuciyarsa ba ta kwanta da zuwa gonar ba sam, ya cire ta, ƙafa uku sun isa su riƙe tafiyar. Gidan fasahar Musulunci na Doha, ginin I. M. Pei na 2008, ko Louvre na Abu Dhabi na 2017, ko bikin kiɗan ibada na Fez a Maroko da aka fara a 1994, kowannensu zai iya ɗaukar ƙarshen mako shi kaɗai.

Mai sha fa, yaya ziyarar gonar take?

Da alƙawari ake zuwa, musamman a Bordeaux da Burgundy, ba a faɗa musu haka kawai. Gona biyu a rana sun isa. Za a zagaya da kai cikin kurangar, a sauka da kai rumbun ƙasa inda gangunan katako suke, sannan a zuba maka kaɗan-kaɗan. Kwanon da ke kan tebur na tofarwa ne, masu sana'ar kansu haka suke yi, don giyar inabi na ɗauke da barasa kashi 12 zuwa 15 cikin ɗari. Ka ɗauki direba. A Faransa da Italiya da Sifaniya iyakar barasar da doka ta yarda wa mai tuƙi giram 0.5 ne a litar jini, kuma hanyoyin gona ƙanana ne masu kwana.

Abin da ya fi ba ni sha'awa a nan shi ne ƙasa. A Burgundy kusan irin inabi biyu kawai ake nomawa, Pinot Noir da Chardonnay, amma an yanka tudun zuwa filaye 1,247, kowanne da sunansa, saboda manoma sun lura tun ƙarnoni da suka wuce cewa fili biyu da 'yar katangar dutse ta raba ba sa ba da ɗanɗano ɗaya. A Bordeaux kuma har yau ana aiki da jerin darajar giya mai hawa biyar da aka tsara a 1855 bisa umarnin Napoleon na Uku.

Ban san komai a kan zane ba. Ba zan gaji ba?

Za ka gaji idan ka ce sai ka ga komai. Zaɓi ayyuka biyar tun daga gida, ka karanta kaɗan a kansu, ka nufe su kai tsaye. Gaban kowanne ka tsaya minti goma. Minti biyun farko ba za ka ga wani abu ba, daga nan ido zai fara tsinto daga ina haske ya shigo, wa ke kallon wa, me aka ɓoye a kusurwa. Ƙaramin gida yakan fi babba daɗi ga mai kwana biyu. A Orangerie na birnin Faris, zane takwas na furannin ruwa da Claude Monet ya yi sun kewaye ɗaki biyu masu siffar ƙwai tun 1927, da benci a tsakiya. Ka je da buɗewa, kafin jama'a su cika.

Jagora mai ilimi na awa ɗaya da rabi ya cancanci kuɗinsa. Ka kuma duba ranar hutu idan za ka ƙara kwana: Louvre na Faris da Orangerie ba sa buɗewa Talata, gidan zane na Orsay da Uffizi kuma Litinin.

Me zan sa, kuma yaushe ake tafi?

Sutura mai tsabta da kamala ta wadatar a yawancin zauruka, kuma cikakkiyar shigar ƙasarku karɓaɓɓiya ce. Wuraren da ake caɓa ado sosai sanannu ne: buɗe kakar gidan opera na La Scala a Milan ranar 7 ga Disamba, da Glyndebourne a karkarar Ingila, inda tun 1934 ake opera, ana kuma ba da hutun minti 90 a tsakiya don a ci abinci a kan ciyawa. A tsohon filin wasan Rumawa na Verona, inda ake opera a sarari tun 1913, masu kujerun sama a kan dutse suke zama, sai ka nemi matashi da abin rufa.

Ka isa da sauran minti 30, domin wanda ya makara ba ya shiga sai an tafi hutu. Dogon kiɗan taron makaɗa yakan kasu huɗu, kuma ba a tafi tsakaninsu. Shirun nan cikin kiɗan yake. Jira jagoran ya sauke hannuwansa ya juyo. A opera ana tafa wa mawaƙi bayan ya gama babbar waƙa, a jaz kuma bayan kowane makaɗi ya gama nasa zagayen. Karanta labarin operar kafin ka je. A Biyana akwai ɗan allo gaban kujera mai nuna fassara, amma wanda ya san labarin ya fi samun damar ɗaga kai ya kalli dandali.

Wane lokaci na shekara ya fi?

Mayu da Yuni, sai Satumba zuwa Nuwamba. A Agusta gidajen abinci da yawa a Faris da Milan sukan rufe, gidan opera na Biyana ma yana hutu Yuli da Agusta. Lokacin girbin inabi, Satumba da Oktoba a Turai, Fabrairu da Maris a Afirka ta Kudu, gonaki sun fi kyau amma manoma ba su da lokacin baƙi. A Alba ta Italiya, daga Oktoba ake kasuwar wani farin naman kaza mai ƙamshi da ke girma ƙarƙashin ƙasa, wanda karnuka ke shinshinowa. Gwanjon giyar asibitin Beaune yana faɗowa Lahadi ta uku a Nuwamba, baje kolin zane na Art Basel a Siwizalan kuma a Yuni. A waɗannan ranaku ɗaki yakan yi wuya ya kuma yi tsada, sai dai idan dominsu za ka.

Ina ya kamata kuɗin ya fi tafiya?

Kujerar zaure da tebur da jagora. A otal, kusanci da shiru nake saye kafin girman ɗaki, don komawa masauki a ƙafa bayan kiɗa wani daɗi ne na daban. Otal mai ƙwararren ma'aikacin kula da buƙatun baƙi, irin masu maƙala makullan zinare biyu a wuyan kwat, yakan samo tebur ko tikitin da ka fid da rai. Rubuta masa tun kafin ka iso. Mai son ragi ya ci babban abincinsa da rana, gidaje da yawa suna da gajeren jeri mai sauƙin kuɗi daga kicin ɗaya.

Kamfani zan ba ko in shirya da kaina?

Idan gari ɗaya ne, za ka iya da kanka. Idan akwai gonaki da mota da biki, kamfani zai sauƙaƙa maka. Tambaye su lambar kujerar da suka saya, sunan gidan abincin, mutum nawa ne a ayarin, da abin da za a mayar maka idan an fasa. Wanda ya kasa amsa waɗannan a rubuce, ka nemi wani.

Biza fa?

Ga mai buƙatar bizar Schengen, wato biza ɗaya ta shiga ƙasashen Turai da yawa, ana iya nema tun ana saura wata shida, kuma sai da inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000. Siwizalan na cikin tsarin, Ingila kuwa tata daban ce. Ka tsayar da ranar ganawa kafin ka biya abin da ba a mayarwa.

Ranar Lahadi me ake yi?

Ka bar ta sakayau. Manyan gidajen abinci da yawa ba sa aiki Lahadi da dare, shaguna ma a rufe suke a Ostiriya. Wasu zauruka, irin su Concertgebouw na Amsterdam, suna da kiɗan safe da ƙarfe 11, gajere ne kuma ba a caɓa masa ado. Ni dai abin da nake yi shi ne in bar jakata a otal, in koma gidan zanen jiya, in wuce kowane ɗaki in je gaban zane ɗaya da ya kwana a raina, in zauna rabin awa. Daga nan sai abincin rana mai sauƙi, sai jirgin yamma.